Reshen da ke Kan Ɗakin Auta

Ranar da iska ta kayar da bishiya a ƙofar gidansu, Auta ta rasa hanyar fita aiki. Nan ta fara ganin Mai Zarto, wanda ya zo yanka bishiyar. Bai tayar da injinsa ba sai da ya kori 'yan kallo, ya sa hular kwano da tabarau, ya zagaya gungumen yana duban inda nauyinsa ya kwanta. Ta ce da wannan sanyin jiki nasa sai ta tsufa a tsaye. Ya ce tsufa ba laifi ba ne, muddin da ƙafa biyu.

Daga nan soyayya ta ƙullu, Baba kuwa ya ce atafau. Tsohon mai yankan katako ne, hannunsa na hagu ya shanye tun ranar da bakin inji ya taɓa reshe ya harbo masa a kafaɗa. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda wata rana za a dawo mata da shi a ɗauke ba.

Auta ba ta iya saɓa wa uba, ba ta kuma iya cire mutumin daga ranta. Gidan ya zame mata keji.

Ta tura masa saƙo: "Muradina, gaba Baba, baya kai. Ina zan sa kaina?"

Ya amsa: "Haƙuri, Autata. In itace ya matse zarto, ba a fizgarsa da ƙarfi."

Wata safiya Baba ya aika a kira shi. Wani reshen mangwaro ya tsage, yana reto a kan ɗakin Auta. Ga tsani a jingine. Baba ya ce ya hau ya yanke yanzu, a ga mazantakar.

Mai Zarto ya dubi reshen, ya dubi labulen da Auta ke bayansa. Ƙin umarnin surukin da kake nema ba ƙaramin abu ba ne. Ya durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni. Ba na ɗaga inji sama da kafaɗa, ba na tayar da shi a kan tsani. Gobe in zo da igiya da abokin aiki. Yau dai kada kowa ya kwana a ɗakin nan."

Baba ya ce in ya fita bai yanke ba, kada ya sake tako gidan.

Mai Zarto ya miƙe. Sannan ya ɗauki injinsa ya nufi ƙofa, kukan Auta yana bin bayansa. Ya kai zaure Baba ya kira shi, yana shafa shanyayyen hannunsa.

"Ni da aka ce min hau, hawa na yi. Turo magabatanka."

Namijin da bai iya cewa a'a ba, bai isa riƙon 'yar mutane ba.

Washegari reshen ya sauko gunduwa-gunduwa a ɗaure da igiya. Da itacensa aka dafa abincin biki. Baba ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya riƙa dawo wa Auta da mijinta kullum da hannuwansa biyu.