Sunan da Lubna Ta Kasa Faɗi

Lubna na tsintar shinkafa a tsakar gidansu na Agiye, saurayinta Idrisa ya yi sallama, fuska a murtuke.

"Baba ya ce ki zaɓa," ya ce, bai ko zauna ba. "Ko aikin, ko aurenmu. Wai macen da ta zauna buro, a bakin teburin aiki, tana musayar baki da maza, kunyarta ta zube."

"Aikin da ban ma samu ba?" Lubna ta ture faifan. "Wata huɗu ina yawo da dosiyen takardun neman aiki, Idrisa. Sau uku ana maido ni kan hoto. Mu saba'in muka yi jarrabawa a Maradi, muka rage mu biyu. Yanzu ka ce in zubar?"

Idrisa ya kau da kai. Yana sonta, wannan babu musu, amma gaban mahaifinsa Malam Faruku ko tari bai iya yi da ƙarfi. Ta yi kukanta har ta gaji.

Ranar gwajin ƙarshe aka zaunar da ita a teburin karɓar jama'a na kamfanin waya a nan Agiye, ta ji da masu ƙorafi na gaske. Madam Basira, wadda aka turo daga Maradi, ta tsaya bayanta da takarda. Doka ɗaya ta nanata: a karɓi katin shaidar mutum, a karanta cikakken sunansa da ƙarfi, ya amsa, kana a taɓa layinsa.

Mutum biyar ta sallama lafiya. Na shida sai ga Malam Faruku, takanas daga Cadawa, wai layinsa ya toshe. Layi kuwa lafiyarsa lau, zuwa ya yi ya gani da idonsa.

Lubna ta rusuna ta gaishe shi, ta karɓi katin da hannu biyu. Ta dubi sunan, ta kasa karanta shi. Ina aka taɓa jin ɗiya ta kama sunan surukinta gatsau, a gabansa kuma?

"Karanta mana," in ji Madam.

"Baba, katinku ne wannan?"

"Suna na ce, madmazel. Lokaci na tafiya."

"Ki yi haƙuri, Madam. Uban wanda zan aura ne, ba ni iyawa."

"To ni ma ba ni iya ba ki maki." Madam ta ja layi kan sunanta. Ba muguwa ba ce, takardarta ce ba ta san suruki ba.

Ɗaya yarinyar aka ɗauka. Kwana biyu Lubna ko kiran Idrisa ba ta ɗagawa. Takaici kamar ya kashe ta: ta rasa aiki don girmama tsohon da ke neman raba ta da ɗansa.

Rana ta uku da hantsi moto, wato babur, ya tsaya ƙofar gida. Malam Faruku ne da kansa, Idrisa na biye. Tsohon ya gaisa da mahaifiyar Lubna, ya daɗe yana gyara zama.

"Ni na ja mata," ya ce. "Na je in kama ta da laifi, ni na dawo da kunya. A sa rana bayan girbi. In kuma kamfanin ya buɗe reshen Gazawa da ake faɗi, ni zan kai ta jarrabawar, in tsaya waje."

Aikin Agiye dai ya tafi, har yau in Lubna ta tuna sai ta ja tsaki. Amma 'yan mata ku riƙe wannan: ladabin da kika yi a ranar da ya ja miki asara, shi mutane ke yarda da shi. Ku kuma iyaye, ku bari ku gani kafin ku yanke hukunci.