Takardun Gawar Kota Eurico

Da safiyar Litinin Dona Engracia Sapalo, sakatariyar ƙungiyar taimakon 'yan Angola mazauna garin Amadora a Portugal, ta jawo aljihun teburin ofis, ta tarar babu ambulan ɗin da ta ajiye a ciki. A cikinsa akwai fasfon marigayi Kota Eurico, wato dattijo Eurico, da shaidar mutuwarsa, da izinin fita da gawa daga Portugal. Jibi jirgin Luanda, babban birnin Angola, zai tashi da gawar, 'yar marigayin tana can tana jira.

Shekara talatin Engracia ta yi tana aikin jinya, ba ta saba da ihu ba. Ta duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Kwamfuta na nan, gwangwanin sadaka ma ba a taɓa shi ba. Ban da ita, mutum biyu ke da makulli.

Ta fara da Jacinto, direban ƙungiya, wanda zai raka gawar.

"Ina ka yini jiya?"

"Porto na kai fasinja, sai yau da safe na dawo." Idonsa ya kawo ruwa. "Dona, shekara goma sha tara ban ga uwata ba. Ni zan hana jirgin nan tashi da ni?"

Ta cire shi daga zargi. Ta sami Tia Teodora a kicin tana tuƙa funje, tuwon rogo, don masu zuwa gaisuwa.

"Makullinki fa?"

"Ga shi a wuyana. Ni da ko sunana ban iya karantawa ba, me zan yi da takarda?"

"Bai taɓa barin wuyan nan ba?"

Teodora ta dakata da muciya. "Jiya bayan coci Kota Albano ya ara, wai zai ɗebo kujeru."

Albano tsohon magini ne. Shekara ashirin suna ɗaki ɗaya da marigayin. Engracia ta same shi zaune a bakin gadon abokinsa.

"Kota, takardun Eurico sun ɓace."

"Kujeru kawai na ɗauka, 'yata. Ina ruwana da jan ambulan?"

Ta jawo kujera ta zauna. "Ranar taron ƙungiya kan kai gawar gida, farin ambulan kowa ya gani. Ranar Asabar ya yage, na sauya ja, ni kaɗai a ofis. Wanda ya san launinsa, ya buɗe aljihun teburin jiya. Kuma ɓarawon da ya bar kwamfuta ba abin sayarwa ya zo nema ba. So yake kada gawar ta tafi."

Tsohon ya miƙe daga bakin gadon. Sannan ya ɗaga katifa ya ciro ambulan ɗin.

"Lokacin yaƙi, a Kuito, da hannunsa Eurico ya binne matarsa da 'ya'yansa biyu a bayan gida," ya ce. "A asibiti, kafin ya cika, ya riƙe min hannu, ya ce, Albano, kada ka bari a mayar da ni ƙasar da ta cinye su. Na tashi zan faɗa a taro, na ga kowa yana murna an haɗa kuɗin mayar da shi gida. Bakina ya mutu."

"Ba ni za ka gaya wa ba, Kota."

Ta kira Graciete, 'yar marigayin, ta sa masa wayar a hannu. Ya maimaita mata komai. Can ɓangaren ana jiyo kukan zakara daga nesa.

"Tio Albano," Graciete ta ce, "kai ke wurin da ya cika?"

"Ni ne."

"To ku binne shi inda ya zaɓa. Amma kada ku rufe shi sai na zo."

Engracia ba ta kira 'yan sanda ba. Ranar Juma'a ta saka Albano a gaban mota, Jacinto ya ja su zuwa filin jirgi tarbar Graciete. A nan tsohon ya cire hularsa, ya tsaya yana duban fuskar kowace matar da ta fito.