Tumatirin Malama

Sufeto yana cikin juye ragowar shayinsa a gindin furen da ke kan tagar ofis, furen da ya daɗe da mutuwa amma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa, sai wayar tebur ta ɗauki ƙara. Likitar babban asibiti ce.

"An kawo mana wata dattijuwa, ta cika kafin a sauke ta daga mota. Iyalinta sun ce zuciya ce. Ni dai ba zan sa hannu a kan haka ba."

A bayan idonsa, 'yan ofis Sai-Na-Gani suke kiran Sufeto, don ko ce masa aka yi ana ruwa sai ya miƙa hannu ta taga. Ya ɗauki hularsa, ya ƙwala wa Saje kira.

A ɗakin ajiye gawa, Likita ta ɗaga fatar idon matar. Baƙin tsakiyar idon ya buɗe ya cinye kusan komai.

"Ka ga wannan? Da aka kawo ta jikinta zafi zau, amma ko ɗigon gumi babu. Harshe a bushe ƙayau. Akwai maganin da ake ɗigawa a asibitin ido don ido ya buɗe a duba cikinsa, atrofin. Idan aka sha shi, haka yake yi wa mutum."

"Wa ya kawo ta?"

"'Yarta. Ma'aikaciyar jinya ce."

"A ina?"

"A asibitin ido."

Saje ya kalli Sufeto da irin kallon nan na an gama aiki. Sufeto ya yi kamar bai gani ba.

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen layi. A falo akwai kujerar guragu an jingine ta da bango, da hoton marigayiyar cikin ɗalibanta. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata, har mijinta. Shi kuma tsoho ne siriri mai kaushin hannu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun renon bishiyoyi. Yana zaune da takalmin matarsa a gabansa, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Baba, Allah ya ji ƙanta. Yaya abin ya faru?"

"Lafiya lau muka tashi, ɗana. Har da dariya. Can da hantsi ta ce ƙishi take ji, na ba ta ruwa, ta ce a ƙaro. Sai ta ce hasken taga ya yi mata yawa. Daga nan ta fara tsintar abin da babu a jikin zane, tana kiran sunayen yaran ajinta, yaran da yanzu sun yi furfura. Ta dube ni ta ce, 'Kai kuma ɗan waye?'" Ya shafa takalmin. "Shekara da shekaru muna tare, ta tafi ba ta san ni ba."

"Wa ke ba ta magani?"

"Nas." Haka yake kiran 'yarsa tilo, don alfahari. "Tun da ɓarin jikin Malama ya shanye, Nas ce komai."

Ta ƙofar baya Sufeto ya hango kore shar. Wani ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da tumatir a jere, kowanne an ɗaure shi da sanda. Tsohon ya miƙe ba a tambaye shi ba.

"Nata ne. Da hannunta ɗaya mai lafiya ta shuka, ita ke ba shi ruwa daga kan kujera. Ni ko taɓa shi ban taɓa yi ba."

"Ikon Allah," in ji Saje. "Yallaɓai, na matata duk ya yi yaushi ya mutu, har cewa ta yi bakina ne. Duk unguwarmu babu wanda nasa ya kai labari bana."

Sufeto ya lura da abu ɗaya. Ganye ya yi kyau, fure ya yi kyau, amma babu ɗan tumatir ko ɗaya, nunanne ko ɗanye. Sai guntayen karan da aka tsinke 'ya'yansu da gaggawa, ba su ko bushe ba.

Nas ta zo ofis da ƙafarta, da farin kayan aikinta da ba ta samu ta canza ba. Idanunta sun kumbura, amma ta zauna a miƙe.

"Kina ina lokacin da abin ya fara?"

"Wurin aiki. Baba ya kira ni."

"Me ta ci da safe?"

"Shayi da burodi."

"Kina wurin?"

"A'a. Amma abin da take ci ke nan."

"Bayan kin dawo daga asibiti, kin shiga lambu?"

"Me zai kai ni lambu, uwata tana kwance a ɗakin gawa?"

Sufeto ya dubi bakin hannun rigarta. Akwai tabo kore-kore, irin wanda ganyen tumatir ke bari. Ta ga inda yake kallo, ta mayar da hannun ƙarƙashin tebur.

"Kina zuwa gida da maganin buɗe ido?"

Ta gyara zama. Sannan ta yi magana a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Ni ce. Na taho da kwalba a aljihu bisa mantuwa. Da safe ina sauri, na ɗiga mata a ruwa a maimakon maganinta. Ku rubuta, in sa hannu. Roƙo ɗaya nake yi, kada ku ƙara zuwa wurin Baba. Ku bar shi a kan zuciya ce."

"Ina kwalbar?"

"Na jefar."

"A ina?"

"Na manta."

Dole aka tsare ta. Wanda ya ce shi ya yi kisa ba a ce masa ya je gida ya huta. Aikinta ya tafi ke nan, sunanta ma, kuma kotu na jiran ta. Saje ya ce shi bai taɓa ganin bincike mai sauƙi irin wannan ba. Sufeto kuwa ya kasa cin abincin rana. Ya sha ganin masu laifi suna amsa laifi, suna kuka ko suna kame-kame, amma bai taɓa ganin wadda ta amsa kisan uwarta sannan ta sauke ajiyar zuciya ba.

Bayan 'yan kwanaki sakamakon gwaji ya fito, Likita ta kira shi ofishinta.

"Akwai atrofin a jininta, gaskiya ne. Amma akwai wani ɗan'uwansa tare da shi, sikofolamin. Wanda ke cikin kwalbar asibitin tatacce ne, shi kaɗai yake zuwa. Idan ka gan su tare haka, daga tsiro suka fito kai tsaye."

"Tsiro?"

"Tsirrai da yawa suna haɗa wasu sinadarai masu ɗaci don kare kansu daga ƙwari da dabbobi. Alkaloyid muke ce musu. Daga cikinsu muke samun maganin zazzaɓin sauro, da na kashe raɗaɗi, har da abin da ke hana ka barci a shayin nan naka. Waɗannan biyun da ke jininta suna toshe saƙon da ke sa jiki ya yi yawu da gumi, ya rage gudun zuciya. Kaɗan, a hannun likita, ceto ne. Da yawa, a jikin tsohuwa mai raunin zuciya, ka ga abin da ya yi."

"Wane tsiro ne?"

"Zaƙami ya fi kama. Danginsu ɗaya da tumatir da gauta, ko da yake ba a gaisawa. A saiwa yake dafa gubarsa, sannan ya tura ta sama."

Sufeto ya ajiye kofinsa. "A saiwa?"

"A saiwa."

Da ya koma gidan, ya tarar da tsohon a lambu yana ban ruwa da ƙaramar butar Malama. Bai ko bari an zauna ba.

"Yaushe za ku sako mini Nas? An ce tambayoyi ne kawai. Gidan ya yi mini girma, ɗana."

Sufeto ya wuce wajen tumatirin. Ya durƙusa, ya kawar da ciyawar da aka rufe gindin tumatirin da ita. Kaɗan sama da inda ya fito daga ƙasa akwai kumburi a jikin karan, da tabon yanka a karkace, da ragowar leda da aka naɗe wurin da ita. Daga tabon zuwa sama tumatir ne. Daga tabon zuwa ƙasa karan ya fi duhu, kuma ya fitar da sabon toho mai faɗin ganye. Saje ya murza ganyen, ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Zaƙami ne, Yallaɓai. Ga irinsa can a kangon bayan katanga, mai farin fure kamar mazurari."

"Baba," in ji Sufeto, "ka ce ba ka taɓa sa hannu ba."

Tsohon ya yi murmushin wanda aka kama da satar alewa.

"To, tunda ta tafi, ba sauran abin ɓoyewa. Ƙasar nan tana da cuta, tana kama saiwa. Bara ta shuka, ya mutu. Ta sake, ya mutu. Ta ce mini, 'Ka gani, hannun da ya rage ma ya mutu.' Ta daina cin abinci, ta daina fitowa. Ni kuma kullum ina ganin zaƙamin can, cutar ba ta ko kallonsa. Ran da Nas ta kai ta gashin jiki a asibiti, na yanko kan tumatirinta na aura a kan gindinsa, na rufe da ciyawa. Aikina ne, na yi wa bishiya dubu aure. Ka zo ka ga Malama da ya fara fure! Har waƙa take yi masa."

"Ka san zaƙami guba ne?"

"Wa bai sani ba? Ai gindin kawai na ara. Na aura lemo mai zaƙi a kan mai tsami tun kafin a haife ka, bai taɓa ɗaukar tsami ba. Gindi ruwa yake bayarwa, ɗa kuwa na reshe ne."

Sufeto ya taɓa kama mutanen da suka zare masa wuƙa, bai ji abin da ya ji a wannan lokacin ba. Ya so ƙwarai a ce wani ne aka aiko.

"Me Malama ta ci da safen nan?"

"Na farkon da suka nuna. Na yanka mata a faranti, da ɗan gishiri." Ya tsaya. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, sai da ya ɗan jira. "Me ya sa kake tambaya?"

"A zaƙami ba haka ba ne, Baba. Gindin ne ke haɗa gubar, ya aika ta cikin reshe, har cikin 'ya'yan. Nas ta gane da ta ga idon mahaifiyarta. Ta dawo ta tona gindin nan, ta tsinke sauran 'ya'yan don kada ka ci. Sannan ta zo ta ce mana ita ta kashe ta."

Butar ta suɓuce daga hannun tsohon, ruwa ya bi ta kan ƙafarsa. Ya zauna a ƙasa, cikin laka, yana kallon tafin hannuwansa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙin kallo. Saje mai surutu ya juya ya fuskanci katanga.

Tsohon ya ce, "Ni ne. Da rezata, da hannuna. Ku rubuta haka. Ku kai ni inda take."

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai. Suka tumɓuke tumatir ɗaya da saiwarsa don shaida, suka sa a bayan mota. Tsohon ya kulle ƙofa, ya koma ya buɗe, ya shigar da takalmin Malama ciki, sannan ya fito.

Ana fito da Nas daga ɗakin tsarewa ta ga tsohon a kan benci, wandonsa duk laka. Ta dubi Sufeto da idon da ba zai manta ba.

"Na roƙe ka. Abu ɗaya na roƙe ka."

"Kin roƙe ni," in ji Sufeto.

Ta durƙusa a gaban mahaifinta. "Baba, koma gida. Na riga na sa hannu. Ni yarinya ce, zan iya."

"Na rasa ɗaya ta hannuna, Nas. Ba zan ƙara da ke ba."

Ta kifa kai a gwiwarsa, sai a lokacin kukan da ta riƙe tun ranar ya ƙwace mata. Yana shafa kanta yana magana, ba da ita kaɗai ba.

"Malama ta ji daɗin tumatirin, kin sani? Ta ɗaga hannun nan nata ta ce, 'Ka gani? Bai mutu ba.' Ta miƙo mini yanka ɗaya, ta ce in ɗanɗana. Da na karɓa, da mun raba. Ko ya yi mata kaɗan, ko mu tafi tare."

"Baba, ya isa."

"Na ce mata a'a, Malama, ke kika sha wahalarsa. Cinye duka, naki ne."

Sufeto ya jira har ta saki rigarsa don kanta. Sannan ya kama hannun tsohon, ya taimaka masa ya miƙe, suka bi dogon barandan a hankali, da irin tafiyar da ƙafar tsohon za ta iya.