Kwana Tara a Ɗakin Gawayi

Motar ƙarshe ta ƙi zuwa, sai Tsveta ta ci gaba da karanta littafinta a gindin fitilar tasha. Labarin gaskiya ne, na yaran da aka azabtar a wani gidan marayu.

"Gwaggo, kin kai inda suka kulle Rumi a ɗakin gawayi?" in ji wata yarinya a gefenta. Ba takalmi a ƙafarta duk sanyin nan, haƙorinta na gaba a karye.

"Tukuna. Ina mamarki?"

"Sun rubuta kwana biyu. Ƙarya ne, tara ne."

Tsveta ta kau da kai, idonta ya faɗa kan tsofaffin takardun sanarwar rasuwa da ake liƙawa jikin turken fitilar. Hoto ɗaya, mai sunan Rumi a ƙasansa, ya koɗe, amma karyayyen haƙorin yana nan.