Lambar da Muntaka Ya Goge

Ana cikin huɗubar Juma'a suka faɗa gidan. Lungun unguwar Amriguébé fayau, maza duk suna masallaci. Ja'afar, ogansu, ya daki ƙofa. Inusa na biye da bindiga, Muntaka a baya da igiya.

Tsoho ɗaya suka tarar, Baba Dawuda, ciwon ƙafa ya hana shi fita salla. Kusa da tabarmarsa babur ne lulluɓe da zane.

"Kar ka motsa, tsoho!"

Bai motsa ba. Ya ce kuɗi na ƙarƙashin katifa, su kwashe, su bar masa wannan. Na mahaifinsa ne, Terrot, ƙirar Faransa, ya kusa shekara ɗari. Giyarsa ma da hannu ake sa ta, a gefen tanki. Ja'afar ya yi dariya, ya ce ai babur ɗin ne ya kawo su, akwai mai tara irinsu a Turai da zai biya kuɗin gida biyu.

Inusa ya hankaɗe tsohon. Suka ɗora babur a mota, sai unguwar Farcha!

A wani kango bayan mahauta suka sauke shi. Ja'afar da Inusa suka tafi ɗauko dillalin mai saye, suka bar Muntaka shi kaɗai. Ya saba da hakan. Shekara goma sha ɗaya aikinsa ɗaya a ƙungiyar: duk babur ɗin da aka sato, ya goge lambar jikinsa da ta inji kafin a sayar. Matarsa ta daɗe da komawa unguwar Habbena da 'yarsu Kubura, ta ce ba zai ga yarinyar ba sai ya bar wannan rayuwa. Ja'afar ya yi masa alkawari daga wannan zai sake shi.

Babu wanda ya ce masa komai game da lamba. Ya ɗauki zarto ya yi abin da ya saba. Har ya bi tankin da sabon fenti, don ya ga tsohon ya koɗe.

Dillalin ya zo da la'asar. Ya durƙusa da tocila, ya shafa inda aka gurje. Da ya miƙe sai ya ce masu tarawa lamba suke saye, da fentin asali. Yanzu ko kuɗin akuya ba zai bayar ba.

Ja'afar bai yi faɗa ba. Ya dafa kafaɗar Muntaka.

"Ba komai, ɗan'uwa. Zauna nan, bari mu raka baƙo."

Muntaka ya ji an datse kwaɗo daga waje. Bai fahimci sun bashe shi ba sai da ya ji jiniya. Ya daki ƙofa, ya kira Inusa, ya kira oga. 'Yan sanda ne suka buɗe.

Washegari aka kawo Baba Dawuda komisariya, ofishin 'yan sanda, da takardun babur. Ɗan sandan ya ce ba lambar da za a gwada da takarda, doka ba ta yarda a miƙa masa ba. Tsohon ya kalli fentin, ya kalli Muntaka da ankwa a hannu.

"Ɗana, da ka sayar da shi yadda yake, da na san yana wani wuri."

Aka yanke wa Muntaka shekara takwas. Ja'afar da Inusa sun haye kogi sun bar ƙasar, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Babur yana bayan komisariya, damina biyu ta cinye shi. Ranakun ziyara Muntaka yakan tsaya jikin ƙarfen gidan yari har a rufe ƙofa. Kubura ba ta taɓa zuwa ba.