Ruwan Wanke Ƙafa

Duk unguwar Galtimari an san gidan Malam Yohanna Mshelia. Kowace Lahadi da yamma ƙofarsa a buɗe take. Duk baƙon da ya shigo, Kirista ko Musulmi, shi da kansa zai durƙusa ya wanke masa ƙafa kamar yadda Almasihu ya yi wa almajiransa, sannan a kawo tuwo. Tun bayan ambaliyar 1994 ya fara haka, ba kuma wanda ya tambaye shi dalili.

Ran nan bayan magariba wata mata ta yi sallama, lulluɓe da lafaya. Watan Maris ne, gari a bushe ƙamas, amma lafayar tana ɗiga.

"Sannu da zuwa, Hajja, zauna," in ji shi, ya jawo robar ruwa.

Ƙafafunta sanyi ƙalau, fatar ta yi fari ta yamutse. Yana wankewa baƙar laka tana fita, mai warin kogi. Robar ta cika ta tumbatsa, alhali bai ƙara ko ɗigo ba.

Ya ce, "A gidan nan muna karɓar kowa saboda Yesu."

"Kowa?" Muryarta kamar daga cikin rijiya. "Ran ambaliya, da kana bisa katangarka na kamo bakinta, wa ya ɓamɓare mini yatsu?"

Ruwan da ke malala daga robar ya kai masa ƙugu. Lafayar ta zame, sai ga Kaltum, maƙwabciyarsa mai ƙosai da ambaliyar ta tafi da ita.

Ta damƙe wuyan hannunsa da karyayyun yatsu.

"To, Malam, yau ɓamɓare mu gani."