Aikin Zalihatu da Sunan Wani

Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke daidai lokacin da Zalihatu ta ɗora yatsa za ta tura aikinta. Allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin, fankar siber ɗin ta ja da ƙyar ta tsaya. Ta dafe kai. Da la'asar ake rufe karɓar aikin, ga shi har ladan ya fara gyaran murya.

"Aikin da aka ba mu ne, dabuwar ɗin tarihi?"

Ta juya. Wani dogon saurayi ne a kujerar gefenta, jan yashi ya rufe masa takalmi, hular kwano a kan gwiwarsa.

"Yaya aka yi ka sani?"

"Shi ya taso ni tun daga Sukukutane. In kina da shi a wayarki, ga rezo nawa, ki hau intanet ki tura."

Nan take ta tura. Aikin na wucewa wayarsa ta mutu, caji ya ƙare.

"To naka fa?"

"Nawa sai gobe, da ban haƙuri." Ya yi murmushi. "Sunana Luƙman."

Sai a lokacin ta dube shi sosai, kuma ta daɗe ba ta sauke ido ba. Daga bayan kanta Kamaluddeen mai siber ɗin yana kallonsu, fuskarsa a ɗaure.

Ashe ajinsu ɗaya a darasin tarihi. Su duka biyun lisans, wato digirin farko, suke yi daga nesa, irin wanda ɗalibi ke zaɓar darussansa da kansa, ya yi karatu ta waya a duk lokacin da ya samu sarari. Zalihatu sakatariya ce a wata ƙungiyar manoma a Dogon Dutsi. Ta gaji da buga rahoton da wasu suka rubuta, tana so ta zama ita ce mai shiga ƙauyuka, ta saurari mutane, ta rubuto. Shi ya sa ta ɗauki sadarwa da nazarin zaman jama'a. Luƙman kuwa mushe ne, wato malami, na kwantiragi, yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ta Sukukutane. Ya ɗauki tarihi da harshe don ya samu shiga jarabawar zama cikakken malami.

Da tambayar darasi aka fara. Ba a jima ba saƙonnin suka sake launi.

"Zalina, na hau tudun bayan lakwal ina neman rezo. Yara na tsammanin wata nake dubawa. Ban ce musu ƙarya suke ba."

"Mushena, ka sauko kar ka faɗo. Wa zai gyara min Faransancina in ka karye?"

Shekara ta juyo, wata ma ta bi bayanta. Ranar da Luƙman ya nemi izinin turo manyansa, Malam Iro mahaifin Zalihatu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya kira ta zaure.

"Lakwal ɗin da ba shi da ƙofa, ba shi da benci, ba mushen da za ka durƙusa ka gaida, shi ne lakwal? Ke na ƙyale ki don kina gabana. Amma namiji ya zo mini da kwantiragi da karatun waya, ya ce in ba shi ɗiya? A'a."

"Baba, karatun gaske ne. Jarabawa muke yi kamar kowa."

"Ba ni yi miki dole, kin sani. Amma Kamaluddeen ɗan aminina ne, na san gidansu, na san sana'arsa, kuma ya daɗe yana magana. Wancan kuwa kar ya turo kowa."

Ta fita tana haɗiye kuka. Inna Sahura, mahaifiyarta, ta riƙe mata hannu a tsakar gida ta ce ta bi a sannu.

Zalihatu ta zuba duk ƙarfinta a aikin ƙarshe na lisans. A kan matan Kore Mairuwa ta yi shi, waɗanda mazansu ke tafiya cin rani su bar musu gona da gida da kasuwa. Ranakun hutunta duka a can ta ƙare su, tana zaune a tabarmar mata tana tambaya. Ba su yarda ta ɗauki muryarsu a waya ba, sai dai ta saurara ta riƙe. In ta dawo ta shiga siber ta buga. Mutum ɗaya tak ta ba ya karanta kafin ta tura, shi ne Luƙman.

Damina ta yi nisa lokacin da saƙon jami'a ya shigo. Tana ofis ta buɗe shi, ta karanta, ta sake karantawa.

"Aikinki na ƙarshe ya yi daidai, kalma da kalma, da wanda wani ɗalibi daga yankinku ya riga ki turowa. Za ki bayyana gaban kwamiti ta bidiyo ranar Alhamis. Idan laifi ya tabbata a kanki, kora ce."

Ta kira Luƙman, wayar ba ta shiga. Ta sake kira, shiru. Ta ruga siber ko za ta ga wani abu a kwamfutar da take aiki.

Kamaluddeen ya saurare ta yana girgiza kai.

"Kai, abin bai yi daɗi ba. Amma ki yi tunani, Zalihatu. Wa kika ba ya karanta?"

Ta kawar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ni ban ce komai ba. Sai dai mutumin da ke neman hanyar fita daga ƙauye, ba abin da ba zai taka ba. Ki bar wannan wahalar haka nan. Mace kamarki me za ta yi da lisans?"

Maganar ta bi ta har gida. Ta yi ta korarta, tana dawowa. Luƙman kaɗai ya karanta. Shi ma wannan watan zai tura nasa. Kuma me ya sa wayarsa ta mutu yanzu? Ta ɗauki waya ta rubuta:

"Luƙman, an ce wani ya tura aikina da sunansa, ranar Alhamis zan bayyana gaban kwamiti ta bidiyo. Kai kaɗai na ba. Ka kira ni."

Washegari ba amsa. Ta ƙara:

"In kai ne, ka faɗa min da bakinka. Kar ka bari in ji a gaban mutane."

Da Malam Iro ya ji labari, bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi mata ciwo.

"Sata za a ɗora wa ɗiyata? Zan zo in zauna in ga wanga lakwal da idona. In suka kore ki, maganar karatu ta ƙare, maganar yaron nan ma ta ƙare."

Sai ranar Laraba da rana saƙo ya shigo.

"Yanzu saƙonninki suka iso. Ruwa ya cinye hanya, rezo ya ɗauke mana. Ban taɓa aikinki ba. Ba zan rantse ba, don ban zaci zan buƙaci rantsuwa a wurinki ba. Ki ci abinci."

Ta kira nan take, wayar ta koma shiru. Ta zauna da saƙon a hannu, ba ta san ko ta yarda ko kar ta yarda ba.

Ranar Alhamis shugaban ƙungiyarsu ya ba ta ofishinsa, don akwai sola. Malam Iro ya zauna a bayanta da sandarsa. Allo ya buɗe, malamai uku suka bayyana, mace ce ke shugabanta. Ta ce za a haɗo ɗaya ɗalibin. Wani ɗan akwati ya fito a gefen allon, baƙi, yana juyawa. Addu'a ɗaya kawai Zalihatu take yi, kar ta ga fuskar da ta sani.

Fuskar ta fito. Ado ne, wani ma'aikaci a gari da takan gani a siber.

Wani sanyi ya ratsa ta, kunya ta biyo baya har ta ji kamar ta nutse. Amma ba a ba ta lokacin kuka ba, don Ado ya shirya. Ya yi bayani da Faransanci mai santsi, yana jero jimlolinta kamar shi ya haife su. Shugabar ta juyo kanta.

"Shi ya riga turowa. Kina da muryoyin matan da kika yi hira da su?"

"Ba su yarda a ɗauka ba, Madam."

"Shi ma haka ya ce. To da me za mu raba ku?"

Zalihatu ta ji sandar mahaifinta ta motsa a bayanta. Ta daina kallon Ado. Ta fara faɗin yadda ta shiga garin, wa ta fara gaisarwa, tambayar da ta yi ta ɓata wa matan rai har ta sake mata fasali, da abin da ta cire daga aikin don kar ta tona asirin wani gida. Malaman suka daina rubutu suna saurare.

Tana cikin magana aka ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofa. Luƙman ya shigo, laka har gwiwa, idanunsa jajur. A bayansa wata dattijuwa ce tana gyara mayafi, Inna Balki, wadda Zalihatu ta fi zama a gidanta a Kore Mairuwa. Bai dubi Zalihatu ba. Ya durƙusa ya gaida Malam Iro, sannan ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofa.

Zalihatu ta nemi izini, aka ba ta. Inna Balki ta matso ta leƙa allon.

"Ku ne malaman nata? Wagga ɗiya a tabarmata ta wuni, ba sau ɗaya ba. Ta taya ni ɓarar gujiya, ta ji abin da ko ɗiyan cikina ban gaya ma ba. Wancan mai riga fara kuwa, ban taɓa ganin shi ba."

Zalihatu ta mayar da maganar Faransanci, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Shugabar ta tambayi Ado a wace unguwa gidan dattijuwar yake. Ya share gumi.

"A siber aka ba ni," ya ce a ƙarshe. "Kamaluddeen ya ce tsohon aiki ne, mai shi ta bar karatu. Ya ce in yi sauri in tura."

Shugabar ta ba Zalihatu haƙuri, ta ce aikinta nata ne, kuma bayanin da ta yi ya isa shaida ko da ba a kawo kowa ba. Allo ya rufe.

Malam Iro ya tashi ya fita, ya nufi hanyar gidan amininsa, mahaifin Kamaluddeen.

A waje Zalihatu ta sami Luƙman yana wanke ƙafa da buta. Inna Balki ce ta ba ta labari: da ƙafa ya tura moton ya haye inda ruwa ya yanke hanya, ya wuce Dogon Dutsi bai tsaya ba, ya kwana a Kore Mairuwa yana roƙon 'ya'yanta su bar ta ta zo.

"Mushena," Zalihatu ta ce a hankali.

"Kin yi ƙoƙari. Na ji ki daga ƙofa."

"Ka yafe min."

Ya ajiye butar. "Kin san abin da ya fi min zafi? Ba hanyar ba ce. Tun daga Sukukutane nake jin maganar nan a kunnena, in kai ne ka faɗa min."

"Tsoro ne ya rufe min ido. Na bar bakin wani ya shiga tsakanina da abin da na sani. Ba ni da hujja, Luƙman, haƙuri kawai nake ba ka."

Hawaye suka zubo mata. Ya kalle ta, ya kawar da kai, ya sake kallonta. Fushin ya kasa zama.

"Share idonki, Zalina. Mai lisans ba ta kuka a bakin titi."

Da yamma Malam Iro ya aika aka kira Luƙman. Zalihatu na bayan labule tana saurare.

"Na ce kar ka turo kowa," in ji dattijon. "Kuma ka ji magana, ba ka turo ba. Yau ka shigo ka gaishe ni, ka ji sunan wanda ya cuce ku, ban ji ka zage shi ba. Na ga lakwal ɗin naku. Ba shi da benci, amma na ji ɗiyata ta yi magana gaban malamai, ban san ta iya haka ba." Ya gyara zama. "Ka gaya wa manyanka ina jiransu."

Bayan an kai amfanin gona gida sakamako ya fito, su duka biyun sun ci. Ƙungiyar ta ɗauke Zalihatu daga teburin buga takardu ta ba ta aikin zagaya ƙauyuka. Luƙman ya sa sunansa a jarabawar malamai, yana jiran rana.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Iro wata Asabar da hantsi. Matan Kore Mairuwa suka cika mota suka zo, Inna Balki a gaba tana rangaɗa guɗa. Ana shafa fatiha wayar amarya ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"An ɗaura, Zalina. Kin zama tawa, na zama naki. Alhamdulillahi."

Kafin a fita da ita Malam Iro ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku riƙe juna da gaskiya, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa abin da kuka karanta ya amfane ku ya amfani jama'a."

Inna Sahura ta ce amin, matan tsakar gida suka amsa gaba ɗaya.